Fagen jini a wata duniya: fashin baƙi kan labaran bayin da ake haɗawa faɗa

Yawanci da farkawa ake buɗe labarin. Mutum ya buɗe ido ya gan shi a wani ɗaki mai sanyi, ba taga, ba ƙofar da ido ke gani. Ya kai hannu wuya, ya ji wani ƙarfe ya zagaye shi, ba makulli, ba mahaɗi. A ɗakin da ke maƙwabtaka da nasa wata halitta ce kwance, ƙafafunta shida, jikinta duk tabo, tana numfashi da ƙyar. Daga can sama wata ƙara ke tasowa, ta lafa, ta sake tasowa. Sai da ya kasa kunne sosai ya gane ba iska ba ce, ba kuma inji ba ne. Taro ne, kuma shi ake jira.

Daga nan wani reshe na ƙagaggun labaran kimiyya ke tsirowa, a littattafai da fina-finai da mujallun zane da wasannin kwamfuta. Wasu halittu daga wata duniya sun ci 'yan Adam da yaƙi, ko sun yi awon gaba da wasu, sun mai da su bayi, suna jefa su fage su yi faɗa don su ga gobe. Reshe ne mai ɗaci, domin ba ya yi wa mai karatu alkawarin cewa jarumi zai koma gida. Wanda ya kalle shi sama-sama zai ce ai sara da suka ne kawai aka yafa wa rigar kimiyya. Akwai masu haka, da yawa ma. Amma masu kyan cikinsu suna tsaye ne a kan wata tambaya da ta fi takobin kaifi.

Ga ta: me halittar da ke iya ratsa tsakanin taurari za ta yi da bawa?

A duba nisan tukuna. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, shi kansa haske sai ya yi tafiyar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya isa. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana cin kilomita 17 a kowace daƙiƙa, amma da can ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya. To wanda ya mai da wannan tafiya kamar zuwa bayan gari, ba ya buƙatar damtsenka ya haƙa masa ma'adini. Injinsa ya fi ka ƙarfi, ba ya barci, ba ya bore, ba ya neman abinci. Ƙarfe da ruwa kuwa suna nan zube a duwatsun da ke yawo a sararin samaniya, babu mai gadinsu. Duk labarin da ya ce an kama mutane ne don aikin ƙarfi, tun a shafin farko ya yi tuntuɓe. Abin da ya saura guda ne, wanda inji ba zai bayar ba: tsoron gaske a idon mai rai da ya san zai iya mutuwa nan da minti biyar. Wanda ya ƙoshi da komai, wannan kaɗai ya rage masa ya saya. Shi ya sa a wannan reshe fage ya fi gona da rami ma'ana.

Siffar fagen kuwa ba daga sama marubuta suka ɗauko ta ba. Daga Rum suka aro ta, kusan ɗungurungum.

Faɗan fage na farko da tarihin Rum ya adana an yi shi ne a shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a wajen jana'iza. 'Ya'yan wani babban mutum suka haɗa mutum shida, bibbiyu, a kasuwar shanu ta birnin, don girmama mahaifinsu. Daga mutum shida abin ya yi ta kumbura. A shekara ta 80 Miladiyya sarki Titus ya buɗe babban fagen nan na Kolosiyom, mai ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000, da wasanni na kwana 100. Sarki Tirajan, bayan ya ci ƙasar Dakiya (Romaniya ta yau) da yaƙi, ya yi kwana 123 yana biki, da mayaƙa 10,000 da dabbobi 11,000. Sunan da Rumawa suka ba tsakiyar filin ma daga kalmar yashi ya fito, yashin da ake barbaɗawa don ya shanye jini kada ƙafa ta zame.

Sai dai akwai abin da fina-finai suka koya mana ba daidai ba, kuma a nan ake bambance marubucin da ya yi bincike da wanda ya kwafi allo. Ba kowane faɗa ke ƙarewa da gawa ba. Mayaƙin fage jari ne. Wani masanin shari'a na Rum mai suna Gayus, a ƙarni na 2, ya kawo misalin yarjejeniyar hayar mayaƙa: wanda ya fito lafiya a biya ubangidansa dinarin Rum 20 ladan guminsa, wanda aka kashe ko aka nakasa a biya 1,000. Ninki 50 ke nan. Saboda haka duk lokacin da taro ya ɗauki ihun a kashe, mai shirya wasan lissafi yake yi a zuci kafin ya ɗaga hannu. Masana tarihi da suka bi rubuce-rubucen ƙarni na 1 sun ƙiyasta cewa cikin mayaƙa 10 da suka shiga fage, kusan 1 ne ke barin ransa a wurin.

Wani zai ji wannan ya ce to ashe da sauƙi. Ni kam a nan nake ganin asalin munin. An gano wata maƙabartar mayaƙan fage a Afisa, ƙasar Turkiyya ta yau, a 1993. Ƙasusuwan sun nuna raunukan da aka yi wa magani suka warke sarai, sun kuma nuna cewa yawancin cimarsu hatsi ne da wake. Dama Rumawa na yi musu laƙabi da maciya sha'ir. Jalinus, wanda sunansa ya yi sama da shekara dubu yana tashe a ilimin likitanci, aikin duba mayaƙan fage ya fara yi a garinsu Fergamum a shekara ta 157. Wato bawan fage ya fi talakan gari samun likita, ya fi shi tabbacin cin abinci. Ana ɗinke shi da kyau, ana tausa masa jiki, ana auna masa abinci, irin kulawar da ake yi wa dabbar da aka ɗaure a turke. Labarin kimiyya ya ɗauki wannan ya kai shi maƙura: na'urar da ke haɗa karyayyen ƙashi cikin dare ɗaya, hannun da aka sare a dasa wani, a wasu labaran har wanda ya mutu a tayar da shi don wasan mako mai zuwa. Mayaƙin Rum yana da ƙofa ɗaya da ubangidansa bai isa ya rufe ba. Na wata duniya an kulle masa har ita.

To yaya tsiraru ke riƙe ɗaruruwan mutanen da su da kansu suka koya wa kisa?

Ƙarfen wuya shi ne amsar da kowa ya sani, mai ba da wutar lantarki ko mai fashewa in an ƙetare iyaka. Shi ma tsohon abu ne. A wani gidan tarihi na birnin Rum akwai wani ƙarfen wuya da aka maƙala wa ɗan allo, an rubuta cewa mai shi gudu ya yi, a riƙe shi, wanda ya mai da shi ga ubangidansa Zoninus zai sami tsabar zinariya ɗaya. Amma marubucin da ya dogara ga ƙarfen wuya kaɗai malalaci ne, don da zarar jarumi ya gano yadda ake cire shi, labari ya ƙare. Igiyoyin da suka fi ƙarfi ba a ganinsu.

Ta farko rarraba kawuna ce. A fagen wata duniya wannan ya zo wa iyayengiji a ɓagas: wannan da sauti yake magana, wancan da wari, wani da launin fata. Kai ba ka ma san ko abin da ke kusa da kai mai hankali ne ko dabba ba. Lokacin da na fi so a irin wannan labari ba lokacin faɗa ba ne. Lokacin da fursuna ya ƙwanƙwasa bango sau uku ne, aka yi shiru, sannan daga ɗaya gefen aka ƙwanƙwaso sau uku, aka ƙara ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu magana, amma a nan bangon na iyayengiji ne, kuma tsagewarsa ta fara ke nan.

Ta biyu muƙami ne. A fifita wasu bayi a kan wasu, a ba zakara ɗaki shi kaɗai, a sa tsohon mayaƙi ya horar da sababbi da bulala. Shi zai fi ubangidan tsananta musu, don ya san abin da zai rasa.

Ta uku ita ce gagarabadau, wato sa rai. A Rum akwai takobin katako da ake miƙa wa mayaƙin da aka sallama daga fage. Kaɗan ke samu, amma kowa ya ga wanda ya samu, ko ya ji labarinsa. Mutumin da ya tabbata mutuwa zai yi, zai iya afka wa mai gadi yau. Wanda ya yarda cewa saura faɗa biyar a sake shi, shi da kansa zai kai rahoton masu shirin gudu. A tsibirin Sisili an sami dutsen kabarin wani mutumin Sham da ake kira Filamma, ma'ana harshen wuta. Abin da aka rubuta: ya rayu shekara 30, ya yi faɗa 34, ya ci 21, an yi canjaras 9, an ci shi 4. Wani abokin sana'arsa ne ya kafa masa dutsen. Rayuwar mutum ke nan cikin lambobi biyar, kuma da alfahari aka rubuta su. Wannan alfahari shi ne tarkon da ya fi kowane zurfi. Bawan da aka ƙwace wa ƙasa da iyali da suna, abu ɗaya ya rage masa da ya iya fiye da kowa, kuma taro na kiran sunansa saboda shi. Jarumin labari mai ɗaci ba ranar da aka ji masa ciwo yake faɗuwa ba. Ranar da ya ji ihun taro ya yi masa daɗi ne.

Wani zai ce, in duk wannan ya faru a Rum, me ya kawo baƙin halittu cikin zancen? Me zai hana a rubuta tarihin kawai?

Dalilin ya koma ga wanda aka fara rubuta wa irin waɗannan labarai. A 1898 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa na mamayar da halittun Mars suka kawo wa duniya, kuma tun a babin farko ya tuna wa masu karatunsa abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, kafin su yi saurin zargin maharan. Dabarar ke nan da aka yi ta gado: a ɗauki mai karatun da ya saba ganin kansa a sama, a ɗora masa wanda ya fi shi yadda shi ya fi wasu. A tarihin Rum mai karatu na iya laɓewa, ya ce shi da sanata zai zama. A gaban baƙin halittu babu sanata. Farfesa da ɗan dako ɗaki ɗaya, farashi ɗaya, sai dai in ɗaya ya fi tsoka.

Kuma nuna mutum a keji ba tsohon labari ba ne can da nisa. A 1906 an ajiye wani matashi ɗan Kongo, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun daji na Bronx a New York, jama'a na tururuwar kallo, har sai da limaman cocin baƙaƙen fata suka tayar da ƙura. Ya kashe kansa a 1916. A baje-kolin duniya na Burasels, a Beljiyam, a 1958, an gina ƙauyen Kongo aka zuba mutane a ciki, 'yan kallo na leƙe ta bayan shinge. Shekara guda ke nan bayan an harba tauraron ɗan Adam na farko. Zamanin kumbo da zamanin kejin mutane sun gaisa hannu da hannu. Saboda haka ba kowane mai karatu ne wannan labari ke zo wa a matsayin ƙage ba. Akwai al'ummomin da jirgi ya taɓa ɓullo musu daga inda ba su sani ba, ɗauke da mutane masu makaman da ba su taɓa gani ba, aka kwashi na kwasa.

Akwai wani ƙaramin abu na Rum da ya dace da nan. Rukunonin mayaƙa na farko sunayen ƙabilun da Rum ta ci da yaƙi aka ba su: Basamne, Bagale, Batarase. Ana sa wa bawa kayan yaƙin ƙabilar da aka murƙushe, ko da shi ba ɗanta ba ne, a sake cin ta da yaƙi a gaban jama'a. Marubuci mai basira yakan yi amfani da wannan. Baƙin halittu su shirya ɗan Adam cikin abin da suke zaton kayan gargajiyarsa ne, hular soja ta wani ƙarni, garkuwa ta wani, takalmin ƙwallo, su gina masa gida na bogi a tsakiyar fili. Abin dariya ne har sai ka tuna cewa daga ragowar duniyar da suka rusa suka tsinto kayan.

Ɓangaren kimiyyar kansa ba sai an daɗe a kai ba. Jikin mutum an daidaita shi ne da nauyin wannan duniya da iskarta. A Mars nauyinka zai koma kashi 38 cikin 100 na yadda yake a nan, 'yan sama-jannati kuma kan rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu a duk watan da suka yi ba nauyi. To da iskar wa za a yi faɗan, da nauyin duniyar wa? Mai riƙe da maɓallin nauyi da iska shi ke zaɓar wanda zai ci, masu caca kuwa suna ta zuba kuɗi.

Duhun irin wannan labari ba a yawan jini yake ba. Jini arha ne, kowane marubuci na iya kwarara shi, kuma bayan babi uku mai karatu ya daina ji. Duhun yana cikin zaɓin da ake bar wa mutum. Seneka, masanin falsafa na Rum, ya ba da labarin wani Bajamushe da ake shirin jefa wa namun daji da safe. Ya nemi izinin zagayawa, wurin da kaɗai ake barinsa ba mai gadi, ya ɗauki sandar da ake goge ƙazanta da ita ya cusa a maƙogwaronsa har ya mutu. Seneka jinjina masa ya yi. A ƙarshen ƙarni na 4 kuma wani attajirin sanata, Simakus, ya tanadi fursunonin yaƙi 'yan ƙabilar Sakson don wasannin ɗansa, sai 29 daga cikinsu suka shaƙe juna da hannu kafin ranar. Wasiƙar da ya rubuta a kai tana nan, kuma ƙorafi ne na mutumin da aka ɓata wa biki. Ban san wani mugun sarkin wata duniya da aka ƙaga wanda ya kai wannan wasiƙa sanyin zuciya ba. Bai tsane su ba. Asara ya yi.

Sai bore, wanda kusan kowane labari ke dosa, kuma inuwar mutum ɗaya ce a kansa. A shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani bawan fage mai suna Sifartakus da mutum wajen 70 suka ɓalle daga makarantar horar da mayaƙa a Kafuwa, kudancin Italiya, da wuƙaƙen ɗakin girki da tsinkunan gasa nama. Suka hau dutsen Besubiyus, aka yi musu ƙawanya, suka saƙa igiya da kurangar inabin daji suka sauko ta gefen da ba a tsaro, suka afka wa sojojin ta baya. Bayi da makiyaya suka yi ta kwararowa har suka kai dubun-dubata. Shekara biyu suna ba Rum kashi. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Kirasus, kwamandan sojan Rum, ya murƙushe su, aka gicciye 6,000 a gefen babbar hanya daga Kafuwa zuwa Rum. Fage kuwa ko gezau. Kolosiyom ma sai bayan shekara 150 aka gina shi, faɗan kuma ya ci gaba har farkon ƙarni na 5.

Su Sifartakus aƙalla suna da inda za su nufa. Akwai tsaunukan arewa, bayansu garuruwan da aka kamo su, akwai teku da jiragen 'yan fashi, duk da cewa waɗannan sun karɓi lada sun yi layar zana. Bawan wata duniya in ya karya ƙofa me zai tarar? Iskar da ba ya iya shaƙa, jirgin da aka ƙera wa masu yatsu goma sha biyu, gidan da ko tauraronsa ba zai iya nunawa a sama ba. An gudu ba a tsira ba. Shi ya sa nake jin haushin labaran da ke ƙarewa da jarumi ya saci kumbo cikin minti goma kamar wanda ya ari keke. Marubucin ya gina kurkuku na gaske, sannan ya tausaya wa kansa ya bar taga a buɗe. Wanda ya fi gaskiya shi ne ya bi abin da wani marubucin Rum, Fulorus, ya ruwaito: da manyan mayaƙan Sifartakus suka faɗi a yaƙi, sai ya sa Rumawan da ya kama suka yi faɗa da juna a wajen jana'izarsu. Bayin jiya suka zauna suna kallo.

A nan labarin ke juyowa kan mai karatu. Don littafin ya sayu, dole faɗan ya yi armashi. Marubuci zai zana yadda jarumi ya goce, ya yi ƙasa, ya soki inda ɓawon halittar ya yi laushi, kai kuma zuciyarka na dukan uku-uku, kana ɗokin faɗa na gaba, kana tsallake shafukan da yake zaune a ɗaki yana tuna 'yarsa. A cikin labarin, su wa ke jin abin da kake ji? Ba bayin ba ne. Kujerar da aka ba ka tana sama, cikin baƙin halittu.

Agustin, malamin nan ɗan arewacin Afirka, ya ba da labarin abokinsa Alifiyus, wanda ya je Rum karatun shari'a a ƙarshen ƙarni na 4. Ya tsani faɗan fage. Wata rana abokansa suka tare shi a hanya suka ja shi da ƙarfi, yana ce musu jikinsa za su kai, ba idonsa da hankalinsa ba. Suka zauna, ya runtse ido. Kunne ne bai toshe ba. Da wani mayaƙi ya faɗi, taro ya ɗauki wata irin ƙara, sai ya ce bari ya duba sau ɗaya, ya tabbatar wa kansa abin ƙyama ne. Ya ga jinin, ya kasa kau da kai, ya miƙe yana ihu tare da kowa. Daga ranar ya riƙa komawa, har yana rigan waɗanda suka fara kai shi, yana jan wasu.